Ranar da na kashe wa yayana kuran saboda wuƙar Bafillace

Ku matso nan kusa, ƴan uwa, in ba ku wani labari da ban cika faɗa ba, don in na faɗa sai a ce tsohuwa ta fara yabon kanta. To yau kam zan yabi kaina, ku yi haƙuri da ni.

Shekarun baya, lokacin farin nan na biyu da aka yi zamanin mulkin soja, ina zaune a gidanmu cikin tsohon garin Agadas. Mijina ya tafi Dirku neman aiki, aka mayar da ni wurin mahaifiyata kafin ya dawo. Ni dama mai zaman gida ce. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, na ce na gaji, kuma har yau in ba biki ko rasuwa ba, ba za ku gan ni a ƙofa ba. Kitso nake yi a tsakar gida, mata su zo su same ni. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne da baki. Bakin kun sani, ga shi kuna sha. Kunnen ne zancen yau.

Mahaifina maƙerin baƙi ne, ba irin masu azurfa da ke yi wa nasara sarƙa ba. Wuƙa, lauje, gatari, su ne aikinsa. Maƙerarsa tana cikin zaure, tabarmar kitsona tana jikin bangon zauren ta ciki. Ban taɓa riƙe masaba ba, mace ba ta shiga maƙera a gidanmu, amma duk abin da aka yi a wurin tun ina yarinya ta cikin bangon nan ya shigo mini. Shi ba ya cewa gefen wuƙa, kumatu yake cewa. Gangaren nan da ke saukowa daga bayan wuƙa zuwa kaifinta, hagu da dama, su ne kumatu. Yana da wani shimfiɗaɗɗen dutse da yake wasa a kai, ya wuni yana goga wuƙa guda. Sau da yawa na ji mahauci ya ƙosa yana cewa a yi sauri, shi kuma ya ce masa, “Wuƙar yanka kumatunta miƙe suke sauka, don kaifi ya sami abin jingina a bayansa. In ka rarake su ka yi aska, je ka wurin wanzami.” Ina jin wannan ina raba gashi, ban taɓa zaton zai yi mini amfani ba.

Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ana shiga farin. Sai yayana ya baro aikinsa na Arlit ya dawo ya riƙe maƙera. Kuma ku ji, yayana gwani ne, ba na rage masa komai. A atalye, wurin gyaran injuna na nasara, ya yi aiki can, ya dawo da wani mashin da ya haɗa da hannunsa daga tsofaffin ƙarafa da moter. Wata ɗamara ce mai kaushi, kamar an manna mata yashi, take gudu a jikinsa. A gaba tana zagaya wata ƴar ƙafa kewayayya, a tsakiya kuma tana bi ta kan wani ƙarfe shafaffe da muke ce wa allo. In ka danna wuƙa a kan ƙafar, ƙarfe yana cinyewa nan da nan, kumatu su lotsa ciki daidai da kewayen ƙafar, baki ya fito siriri yana walƙiya. In a allon ka danna, kumatu su fito a miƙe, amma sai ka yi haƙuri: aikin yana da nawa, wuƙa tana ɗaukar zafi, ɗamara tana saurin mutuwa. Ɗamarar kuwa ba a samunta a kasuwarmu, ƴan kaɗan ya zo da su. Saboda haka shi ƙafar kawai yake amfani da ita.

Saboda mashin ɗin aka jawo mana kuran, wato wutar lantarki, aka kafa kontar, mitar nan mai makunni, a cikin gida, saman tabarmata. Daga nan na koyi muryoyinsa biyu. Ƙafa tana kuka siriri kamar gyare. Allo kuwa, ranakun da ya ɗan gwada shi, shaaa yake yi mai faɗi, kamar ana juye gero a masaki.

Da farko layi aka yi mana. Yayana ya wasa wuƙa, ya aske gashin hannunsa da ita a gaban mutane, a yi ta mamaki. Sai daga baya na lura takun mahauta ya ragu a zaure. Wanzamai suna zuwa, mata masu aikin fata suna aikowa, amma masu yanka shiru. Wata rana matan mahauta biyu suna jiran kitso, ɗaya ta sunkuya tana yi wa ɗaya raɗa, wai ba na ji. Ta ce shanun fari wuyansu ya zama kamar takalmi, fata ta bushe ga yashi ya cika gashin, wuƙar mashin tana shiga sai bakinta ya kwanta. Ta ce saniya biyu aka ja aka yar a bayan mayanka, don mai yanka ya tsaya a tsakiya yana neman wata wuƙa. Kun san dai abin da malamai suka ce, in mai yanka ya ɗaga hannu bai gama ba har aka jima, nama ya zama mushe. Ba wanda ya iya faɗa wa yayana, ana jin nauyin mahaifinmu. Ni ma ban faɗa ba. Na ce ina ni ina koya wa wanda ya yi aiki da nasara sana'ar ubansa.

Ana nan wata safiya, hantsi ya ɗan ɗaga, na ji sallama a zaure da wata murya da na sani tun ina ƙarama. Aminin mahaifina ne, wani dattijon Bafillace daga wajen Ingal. Da can duk shekara in sun kai shanu lasar gishiri Tagidda sai ya biyo ta gidanmu da ƙwaryar man shanu. Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa, don haka yana shiga ya ce, “Ina bayina masu cin wuta? Ubangidanku ya zo, ba mai tashi?”

Yayana ya yi dariya ya ce, “Baba, wane irin ubangida ne zai zo wa bayinsa hannu biyu? Ina nonon?”

Na ji yayana ya gyara zama, ya san bakinsa ya zame.

Dattijon ya ce, “Ɗana, nono ya ƙare da masu shi. Garken nan da ubanka ya sani, jan bijimi ɗaya ya rage. Shi ma jiya ya durƙusa a bayan gari inda muka sauka, mun ɗaga shi ya ƙi. Ba na jin zai ga faɗuwar rana. In na yanka shi da ransa, mu shanya naman, mu musanya wani da hatsi, zai kai ni da iyali kudu. In ya riga ni, to shi ke nan, sai mu shiga layin jar dawar da soja ke rabawa.”

Na ji ƙarar zare wuƙa daga kube. Ya ce, “Ubanka ya ƙera mini ita. Da ita na yanka ragunan sunan ƴaƴana duka. Ta cinye har ta kai wurin kauri, ko igiya ba ta yankewa. Ba zan sa masa wuƙar aro ba. Ka fitar mata da baki.”

Yayana ya ce, “Baba, kafin ka gama shan ruwan nan an gama.”

Moter ya tashi. Ina riƙe da kan wata mata, rabin kitso. Sai na ji kukan gyaren nan, siriri. Ya ɗora ta a ƙafa.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Ba zan iya ɗaga murya in gyara wa yayana aiki a gaban baƙo ba, wannan ko mahaifiyata ba za ta yi ba. Na saki kan matar nan, na taka turmi, na miƙa hannu na kashe kontar. Mashin ya yi wani gunji ya mutu.

Na ji yayana ya ce, “Kai, mutanen nan da ɗauke wuta. Baba, ina zuwa.” Ya shigo yana share hannu, ya ɗaga kai ya dubi kontar, ya dube ni a kan turmi. Ni kuwa ko sauka ban yi ba.

Ya rage murya ya ce, “Ke, lafiyarki?”

Na ce, “Yaya, don girman Allah kar ka sa ta a ƙafa. Sa ta a allo.”

“Wa ya tambaye ki? Kin taɓa riƙe wuƙar da ta wuce ta yankan kuɓewa?”

Na faɗa masa abin da matan mahauta suka ce, duka, ban rage ba. Matar da nake yi wa kitso ta sunkuyar da kai kamar ba ta wurin. Na ga fuskarsa ta canza, amma ya ce, “Zancen mata a bakin kitso. Kin san abin da kike cewa kuwa? A ƙafa, yanzu zan gama. A allo sai an kusa azahar, kuma ɗamarata ta ƙarshe ce a kai. Bijimin nan yana kwance yana shure-shure. In ya mutu muna nan muna gyaran kumatu, ke za ki fita ki gaya wa tsohon nan?”

Gaskiyarsa ce, kuma ta dake ni. Amma na sauko, na shiga madafa na ɗauko wuƙaƙe biyu, ɗaya wadda mahaifinmu ya wasa tun yana da rai, ɗaya wadda shi ya wasa wa mahaifiyata a mashin. Akwai wani guntun ƙirgi busasshe da muke ɗora tulu a kai, duk yashi. Na ce, “Yaya, ja kowace sau uku a nan.”

Ya harare ni, amma ya ja. Tasa ta shiga da kyau a ja na farko, har ya ɗan dube ni. A na biyu na ji muryarta ta sauya, ta koma ƙarr kamar ana jan ƙaya a tabarma. Na ce, “Ta kwanta.” Ya ce ba ta kwanta ba. Ya bi bakin da farcen babban yatsa, farcen ya maƙale. Ya ja ta mahaifinmu sau uku, ya ƙara biyu don haushi, ya bi da farce, ya wuce sumul.

Mahaifiyata tana bakin ɗakinta tana tsintar ƙasa a cikin gero. Sai a lokacin ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ku dai kuna cin lokacin bawan Allah.”

Yayana ya ajiye wuƙaƙen. Ya ce, “A allo wuƙa tana zafi. In bakin ya yi shuɗi ya ƙone, ta tashi daga aiki. Ni kuma ban saba da shi ba, ga ƙara, ga tartsatsi, ba na ganewa sai ta riga ta yi.”

Na ce, “Ni ina ji. Kafin ta yi zafi muryar tana hawa sama. In na buga taɓarya a bango, ka tsoma ta a ruwa.”

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya sunkuya ya ɗauki tuluna, ruwan da ɗan ga-ruwa ya kawo mana na wuni guda ke nan, ya ce, “Kunna.” Ya fita yana cewa, “Baba, ta dawo. Amma wuƙar nan taka ta tsufa kamar mai ita, sai an bi ta a hankali.”

Na sallami matar da nake yi wa kitso da rabin kai, ta ɗaura kallabi ta ce za ta jira, ai ba inda za ta. Na zauna na jingina kunne da bango, taɓarya a hannu. Shaaa, shaaa. In ya fara hawa, kamar gero ya kusa ƙarewa a masaki, in buga, sai in ji cuu a ruwa. Ya koma. Wani lokaci in ji ya karkata hannu, gefe ɗaya na kuka fiye da ɗaya, wannan ba mu yi alkawarin alama a kansa ba, sai na buga sau biyu, kuma Allah da ikonsa ya gane. Ga wurin da ƙafar ta riga ta ɗan lotsa, sai da ya cinye ƙarfen kewaye har ya daidaita.

Abin da ya fi damuna a lokacin shirun dattijon ne. Mutumin da ba ya rufe baki da tsokana, ya yi tsit. Sau ɗaya na ji ya tashi ya je ƙofa, ya dawo ya zauna. Inuwar bango tana ta janyewa daga tsakar gida tana matsowa ƙafafuna. Ina bugun taɓarya ina cewa a zuci, ke da ba ki taɓa ganin an yanka bijimi ba, kin ɗauki abincin gida guda kin ɗora a kan kunnenki. Can wajen ƙarshe muryar ɗamarar ta fara laushi, yashinta ya kusa ƙarewa. Yayana ya kashe moter, na ji ya koma kan dutsen mahaifinmu ya yi ƴan ja kaɗan. Ladan bai kira azahar ba tukuna na ji yayana ya tayar da mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya ɗauki tsohon a baya suka tafi.

Na ƙarasa kitson nan, amma matar ta ce mini daga baya sai da ta je aka tsefe, don layukan sun yi kamar hanyar tururuwa. Ban ci abincin rana ba. Kowace mobilet ta wuce a lungu sai in ce ba ita ba ce, tasa tana da wani ɗan tari.

Bayan la'asar na ji tarin. Ya shigo, rigarsa duk jini da ƙasa, ya wuce ni ya je ya wanke hannu da ɗan ruwan da ya rage, ya daɗe yana wankewa don ya ja mini rai. Na kasa haƙuri na ce, “Yaya, ka yi wa Allah.”

Ya ce, “Mun same shi ido ya fara juyawa. Ni na riƙe ƙaho. Wuyan nan, in gaya miki, kamar a yanka sirdi. Tsohon ya yi bisimilla ya ɗora, bai ɗaga ba har ta wuce maƙogwaro da jijiyoyi. Jini ya zuba, ya yi shure. Halal ne.” Sannan ya ce, “Na bi bakin da farce bayan an gama. Ko gezau.”

Na zauna a kan turmi na fara kuka, ni da ya kamata in yi guɗa. Mahaifiyata ta ce, “To, ga ta nan. An yi asara kuka, an tsira kuka.”

Sai yayana ya miƙo mini wani ƙunshi a cikin tsumma, tsokar wuya ce, rabon da ake ba mai yanka. Ya ce, “Ba ni ya ba ba. Cewa ya yi in kawo wa maƙerin da ke bayan bango.”

Na ce, “Ka gaya masa?”

Ya ce, “Ni? Ina zan kai wannan kunya. Shi ya ce mini, ɗana, ni ɗan daji ne ban san kuran ba, amma na san in an ɗauke shi ba a barin na maƙwabci. Lokacin da naka ya mutu, mashin niƙan gidan baya yana ta gurnani. Kuma ban taɓa jin gidan da ake daka a jikin bango ba.”

Muka yi ta dariya har mahaifiyata ta tuntsurar da geronta. Bayan kwana kaɗan naman ya bushe, tsohon da iyalinsa suka shiga kamiyon, babbar motar kaya, suka yi kudu. Da damina ta dawo, shekaru bayan haka, ya sake biyowa ta gidanmu da ƴan shanu da ya fara tarawa, bakinsa ya dawo daidai, yana shiga zaure ya ce a kira masa bayinsa su biyu.

Yayana bai yar da ƙafar mashin ba, kuma bai kamata ya yar ba. Da ya sami sababbin ɗamaru sai ya raba aiki: askar wanzami da ƴan wuƙaƙen masu fata a ƙafa, don su siririn baki suke so, wuƙar yanka da ta fawa a allo. Mahauta suka dawo ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya ce wa kowa komai ba. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Amma in aka kawo wuƙa mai wuya, sai in ji ya yi gyaran murya a zaure ya ce, kamar da kansa yake magana, “Ko akwai kowa kusa da bango?”

Yanzu in na tuna, abin da ya fi yi mini daɗi shi ne na gyara wa yayana aiki ba tare da na zubar masa da girma a gaban mutum ba, shi kuma ya iya haɗiye haushi ya saurari ƙanwarsa mai aji biyu. Amma ba zan ɓoye muku ba, har gobe in na tuna idon bijimin nan da ya fara juyawa, sai gabana ya faɗi. Da ya cika kafin su isa, da wannan labarin ba ni zan riƙa ba da shi ba, wasu ne za su riƙa ba da shi a kaina. Na sani sarai. Duk da haka ina alfahari da yarinyar nan da ta taka turmi.

To ku fa, tsakaninku da Allah, da ku ne a tsaye a wurin, hannunku a kan kontar, sa yana can kwance rana tana tafiya, za ku kashe ko za ku bar shi ya gama da sauri?